ZARE: Kwashe almajirai daga jiha zuwa jiha, wa ke karɓarsu idan sun sauka?

1/ Duk lokacin da wata gwamnati ta ce za ta kwashe mabarata da almajirai daga titi ta mayar da kowa jiharsa, sai in ga ana ta tafi a nan. To an taɓa gwadawa a 2020, kuma mu 'yan shiyyar Daura mun ga yadda ta kaya. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ A watan Afrilun 2020, lokacin korona, Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, Simon Lalong na Filato yana shugabanta, ta amince kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Kano ta Ganduje ta loda ɗaruruwan yara a motoci zuwa Katsina, Jigawa da Kaduna. Sauran jihohi ma suka bi sahu.

3/ Ku tuna fa, a Daura aka fara samun cutar a jihar Katsina, kuma ita gwamnatin Masari ta fara kullewa. Mu a Dutsi tsoro ya riga ya cika gari. A cikin wannan halin aka ce ga yara nan ana dawo da su.

4/ Matsalar farko: an ɗauki yara da yawa ba tare da gwaji ba. Sai da suka sauka Kaduna aka gwada, gwamnatin El-Rufai ta sanar cewa da dama daga cikin waɗanda aka kawo daga Kano suna ɗauke da cutar. Wato jihar da ta tura ba ta san me ta tura ba.

5/ Ta biyu ita ta fi damuna har yau. Tantancewar kusan tambaya ɗaya ce: "Kai ɗan ina ne?" Yaron da aka kai tsangaya yana ɗan shekara 6, ya yi shekara huɗu bai leƙa gida ba, me kake tsammanin zai ce maka?

6/ Wani zai faɗi garin malaminsa. Wani zai faɗi babban garin da ya ji ana ambata. Wani ya ce "Dutsi", mai rubutu ya ji "Dutse" ta Jigawa ko Dutsin-Ma. Mu da muke amsa wannan suna mun san sau nawa ake rikita mu, ballantana a bakin ƙolo mai jin tsoro.

7/ Ina sakandare lokacin, makarantu a rufe. Yara biyu na sani a unguwarmu da aka dawo da su, kuma labarinsu ya sha bamban.

8/ Na farko ubansa na da rai, manomi ne. Mai unguwa ya riƙo hannunsa har ƙofar gida. Uban bai ji daɗi ba da farko, don a ganinsa an katse wa ɗansa karatu. Amma yaron ya zauna, yana allo da asuba a zauren wani alaramma, da aka buɗe makarantu aka sa shi firamare.

9/ Na biyu maraya ne. Uwarsa ta yi wani auren a tsallaken iyaka, can wajen Matamaye. A takarda an rubuta "an miƙa shi ga danginsa". Dangin nan kawunsa ne mai 'ya'ya tara, hatsinsa ya ƙare tun kafin damina ta kankama.

10/ Na ji mahaifiyata tana ce wa kawun: "Malam, yaron nan ko tabarma ba shi da ita." Ya ce: "Hajiya, ni ba a tambaye ni ba, kawo min shi aka yi." Kafin a yanke gero yaron ya bi motar kasuwa ya koma Kano.

11/ A lissafin hukuma su biyun duk an mayar da su gida. A zahiri ɗaya ne ya samu gida. Ɗayan an canja masa wurin kwana na wata uku ne, ya koma barandar shago a bakin tasha, wannan karon ma babu malamin da ke lura da shi.

12/ Kar a fahimce ni a baibai. Ba kowane almajiri ne marar gida ba, da yawa iyayensu na nan da gona da rumbu. Kuma ba duk mai kwana a tasha ne almajiri ba. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka kora daga Batsari, Jibiya da Safana, akwai masu taɓin hankali, akwai 'yan ci-rani.

13/ Shi ya sa tambaya ɗaya ba ta isa. Wanda aka ƙone ƙauyensu, ina za ka mayar da shi? Matar da ambaliya ta rushe wa ɗaki buƙatarta daban da ta gardin da ke neman sana'a. Idan ka zuba su a mota ɗaya, titin ka share, mutanen na nan da matsalarsu.

14/ Ga kuma iyaka. Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiyar mintuna ce, kuma tsangayunmu cike suke da 'yan Damagaram. A 2020 iyakokin ƙasa a rufe suke tun Agustan 2019, sai Disamba aka buɗe. Yarjejeniyar gwamnoni ta jihohin Najeriya ce, ɗan Magarya ba shi da gurbi a ciki.

15/ Nijar ma ta gwada irin tata. A Maris 2022 ta kwaso mabaratanta daga Dakar ta Senegal a jirgi, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance da Magarya, maƙwabtanmu. Jirgi ya sauke su, amma yunwar da ta fitar da su tana nan tana jiransu.

16/ Abin da ke ba ni haushi shi ne mun iya irin wannan aikin. A Agustan 2020 ɗin nan aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ta yaya? Gida-gida, da mai unguwa, da alli a bango, da tawada a ɗan yatsa. Har ruga ana bin yaro.

17/ In za a iya sanin yaron da ya kuɓuce wa ɗigon riga-kafi a wani ƙauye, za a iya sanin wanda aka sauke a sakatariyar ƙaramar hukuma yana ina bayan wata uku. Tsarin mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki yana nan daram. Ba a ba shi aikin ba ne.

18/ Ga yadda nake ganin ya kamata. Fom guda ɗaya ga duk jihohin Arewa: sunan uba da kaka, ƙauye, sunan dagaci, sunan malami, lafiyar yaro, inda ya tsaya a karatu, da wa zai ciyar da shi.

19/ Kafin mota ta tashi, jihar da za ta karɓa ta tura wa dagaci, shi ya je ya ga gidan. In gidan zai iya, a kawo yaro. In ba zai iya ba, a tallafa da hatsi, ko a nemi wani dangin, ko a bar shi wurin malaminsa a yi wa tsangayar rajista a riƙa ciyarwa.

20/ Bayan wata ɗaya, wata uku, wata shida, wani ya koma ya duba, ya rubuta. Kuma alarammomi su kasance a teburin tun farko. Su ne suka san uban kowane yaro, don hannu da hannu aka damƙa musu.

21/ Gini kaɗai ba ya yi. Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka gina sama da 150, da yawa suka lalace saboda ba a tsara wa zai riƙe su ba. A 2023 Buhari ya sa hannu kan dokar kafa hukumar ilimin almajirai ta ƙasa. Rajistar bai-ɗaya ce ya dace ta zama aikinta na farko.

22/ Don haka in kun sake jin an ce an mayar da yara kaza jiharsu, ku tambaya: nawa ne ke kwana a ɗaki yau? Wanda ya ga abin da ya faru a garinsu a 2020, musamman 'yan Mani, Mashi, Zango da Baure, ya ajiye mana a ƙasa, ina karantawa. Allah Ya rufa mana asiri.