Lambar Sirrin da Ake Faɗa da Ƙarfi

A shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ina da ɗan shagon buga takardu da intanet a Angwan Lambu, kusa da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Kasuwa ta buɗe mana, domin kowane yaro so yake hannunsa ya faɗa da linzamin kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Cikin masu zuwa har da wani matashi makaho, ƙanensa ke yi masa jagora.

Shi ya fara gaya mini sunan NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka soma ta a 2006, kuma kyauta ce. Na sa masa ita a tsohuwar kwamfutar da ke lungu. Ya laluba da manunan yatsunsa har ya ji ɗan tudun nan da ke kan harafin F da J, wanda na shekara ina taɓawa ban san don me aka yi shi ba. Daga nan bai waiwayi linzami ba. Ya ƙara wa muryar gudu har ni ba na gane abin da take faɗa, shi kuwa yana ta aikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne shafukan rajista. Wanda ya gina wani shafi bai sa wa madannansa suna ba, sai muryar ta riƙa cewa akwai wurin latsawa, ba ta faɗin na mene ne. A ƙasa kuma ga hoton karkatattun haruffa, wai a kwafa don tabbatar da cewa mutum ne. Nan ya janye hannunsa ya ce, "Yaya, karanta mini." Yaron da ya fi duk na shagon sauri, sai da ya jira idon wani. Rubutun Hausa ma muryar dagula shi take yi da lafazin Turanci, ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ.

An ɗan motsa daga baya. A 2017 JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don kula da jarrabawar makafi, a watan Janairun 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a farkon 2023 na gan shi, lokacin ƙarancin takardun naira. Keffi ta koma tiransifa da POS, har mai kayan miya. Wata yamma a kasuwa, wani dattijo makaho ya zo cirar kuɗi. Na'urar irin ta zamani ce, gilashi sumul, ba madanni ko ɗaya. Tsohuwar na'ura tana da ɗigo a kan lamba 5, makaho ya dafa shi ya gane sauran. Wannan babu abin dafawa. Dattijon ya shafa ta, ya sake shafawa, sannan ya ce wa yaro mai POS ɗin, "Ɗana, danna mini," ya faɗi lambobin sirrinsa huɗu, mu da ke layi duk muna ji. Jikina ya yi sanyi. Haka kuturun da yatsunsa suka gutsure ke shan fama wurin ɗaukar zanen yatsa, haka kurman da aka ce ya jira kiran waya kafin a buɗe masa asusu.

Ba mugunta ta kawo wannan ba. Masu ƙerawa ne suka auna kowa da jikinsu, kuma a ganina wannan sakaci ne da ba shi da uzuri, tunda sa wa madanni suna aikin 'yan mintoci ne.

Ku ɗaliban kwamfuta na Keffi, da ku masu ba da kwangilar gina shafukan makarantu da bankuna, kafin ku ce aiki ya kammala ku cire linzami, ku kashe allo, ku gwada cike fom ɗin da kunne kawai. Sannan ku kira makaho da kurma su gwada, ku biya su ladan aikinsu.