Mawaƙiyar autata da siddabarun haɗin gida

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na lido, sai dai wadda aka fi jefawa fuska 20 gare ta. Mutum ɗaya shi ne jagora, yana ba da labari kamar mai tatsuniya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwaya a ga ko ya dace. Tun 1997 kamfanin Wizards of the Coast ke riƙe da wasan.

A Amurka muke zaune, kuma a ɗakin karatu na unguwarmu babban ɗana ya koyo shi. Yanzu duk Asabar teburin cin abincina ya zama nasu, shi ne jagora, ga abokansa biyu, ga autata mai shekara 12.

Na san abin da ya faɗo muku a rai da kuka ga kalmar siddabaru. Iyayen Amurka ma sun tayar da jijiyar wuya kan wasan a shekarun 1980, har wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. Ni dai kafin in yarda sai da na karɓi littafin na duba, na kuma zauna na kalle su sau uku. Ban ga ana kiran wani abu ko ƙona wani abu ba. Yaro zai ce "jarumina ya haskaka sandarsa", a duba doka, a yi lissafi, a wuce, kamar yadda Gizo ke magana a tatsuniya ba wanda ya ɗauka gaske ne. Na kafa sharaɗi biyu: wasa ba zai ci lokacin sallah ba, kuma duk abin da suka ƙirƙiro ni zan fara karantawa.

Cikin jaruman da ake zaɓa akwai mawaƙi, wanda ƙarfinsa a bakinsa yake. A matakin farko yana da ƙananan siddabaru 2, a mataki na 4 su zama 3, a na 10 su zama 4. Manyan siddabaru suna ƙarewa sai jarumi ya huta, ƙananan kuwa ba su da iyaka, shi ya sa ba a ba su ƙarfi sosai. Akwai na haskaka abu, akwai na gyara ƙaramar yagewa, akwai na yi wa aboki raɗa daga nisan ƙafa 120. Wanda ya fi suna shi ne muguwar ba'a, wato zambo: mawaƙi ya gaya wa abokin gaba baƙar magana, ta ji masa ciwo, hannunsa kuma ya yi sanyi a harin da zai kai na gaba. A bugun 2014 ƙwaya mai fuska 4 ake jefawa don auna ciwon, a bugun 2024 aka mayar da ita mai fuska 6.

Autata ta ɗauki mawaƙiya, amma ta ƙi taɓa zambon nan. Yarinya ce mai shiru, kuma a makaranta wasu 'yan ajinsu sun matsa mata da kwaikwayon maganarta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Umma, na san zafinsa." Tun da doka ta yarda 'yan wasa su haɗa nasu in jagora ya amince, abin da suke kira haɗin gida, sai ta sayi littafin rubutu ta fara.

Na farko da ta kawo waƙar warkarwa ce, duk abokin da ya ji rauni ta yi masa waƙa ya samu sauƙi. Yayanta ya ce sam. Ta ce, "Haba Yaya, ai taimako ne." Ya ce, "In ba ta ƙarewa, bayan kowane faɗa sai ki yi ta sau ashirin kowa ya warke. To wa zai ji tsoron dodo? Kuma abokina da ya ɗauki mai jinya, wane aiki ya rage masa?" Gaskiyarsa ce, domin a babban littafin 'yan wasa babu ƙaramin siddabarun da ke mayar da lafiya. Wanda ya fi kusa da haka hana jarumi mutuwa kawai yake yi. Kwana biyu tana fushi. Ban shiga tsakani ba, na dai ce ta rubuta hujjarta, shi ma ya rubuta tasa.

Daga nan suka tsayar da tambayoyi uku ga duk sabon haɗi. Ya fi wanda ke cikin littafi ƙarfi? Me zai faru in aka yi shi sau ɗari a jere? Ya ƙwace wa wani ɗan wasa aikinsa?

Na biyu ta sa masa suna Kirari. Mawaƙiya za ta wasa abokinta da ke cikin nisan ƙafa 30, in tsoro ya zo masa kafin zagayenta na gaba, sai ya ƙara ƙwaya mai fuska 4 a kan abin da ya jefa. A bugun 2014 akwai makamancinsa da ke taimakawa kan haɗari iri-iri, amma sai an taɓa mutum da hannu. Nata yana kaiwa nesa, amma tsoro kaɗai yake magani, don haka ya ba da wani abu ya karɓi wani. Ita da kanta ta lissafo cewa tsaka-tsakin ƙwaya mai fuska 4 shi ne 2.5, na mai fuska 6 kuma 3.5, ta zaɓi ƙaramar don kada a sake ƙi mata.

Yayanta ya ƙara sharaɗi guda, wanda ya fi komai yi mini daɗi: kirarin ba ya aiki sai ta faɗe shi da bakinta a tebur, kowa yana ji. Da farko a ciki-ciki take yi. Daga baya ta kira kakarta a waya ta tambaye ta yadda ake tsara kirari, yadda ake kama halin mutum ɗaya a ɗaukaka shi. Yanzu tana yi da Hausa ta fassara wa abokan yayanta, su kuma har rige-rigen su ji nasu suke.

Na uku shi ne Rarrashi, waƙar da ke kwantar da jariri mai kuka ko ƙaramar dabba da ta firgita na minti ɗaya. Ba ta sa kowa barci, domin sa barci aikin babban siddabaru ne, ba ta kuma da amfani a faɗa. Wannan ko gardama ba a yi ba.

Ba zan ce muku wasan ya magance matsalar makaranta ba. Wannan sai da ni da babansu muka je muka zauna da malamai, kuma har yanzu muna sa ido. Yana kuma cin lokaci, zama ɗaya kan kai awa uku, littafin ya wuce shafi 300 da Turanci, ko da yake ana samun taƙaitattun dokokin kyauta a intanet. Amma ta littafin rubutun nan na gane abin da ke damun 'yata, wanda tambaya kai tsaye ba ta fito da shi ba.

Don haka 'yan uwana iyaye mata, in ɗanki na wani wasa da yake ƙirƙirar jarumi, a tebur ne ko a waya, ki zauna kusa ki tambaye shi wane ƙarfi ya ba jaruminsa, wanne kuma ya ƙi ɗauka, sannan ki bar shi ya yi bayani. A gidanmu Kirari ya ci gwajin Asabar uku, an shigar da shi cikin dokokin tebur. Waƙar warkarwa kuwa tana nan ta sake rubuta ta karo na huɗu, wannan karon sau ɗaya a rana, tana jiran hukuncin yayanta.