Rabin Lita a Tafkin Lagdo

Duk wanda ya zo Garuwa neman bandar kifi, ba ya daɗewa a cikin gari. Zai hau titin Ngaundere, ya karkata a Ngong, ya gangara Lagdo, inda 'yan Sin suka gina madatsa a kan Kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Ruwan da ya taru ya jawo masunta daga ko'ina: Musgum da Kotoko daga can arewa, mutanen Chadi, na Mali, da namu na Najeriya. Fulatanci ake ji a kasuwa, amma mai Hausa ba ya ɓata.

Kifi mai araha yana tungayen masunta ne, can ƙetaren ruwa, kuma ba a zuwa sai da kwale-kwale mai inji. Yawanci Yamaha ne, mai doki 15 ko 40, irin mai bugu biyu. Wannan injin ba shi da rumbun baƙin mai kamar na mota. A cikin fetur ake haɗa masa man, ya shafe fistin da ƙarafunan ciki, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Da ban damu da wannan ba. Nawa dai in biya kuɗin jirgi in zauna a kan kwanduna.

Ranar da na damu, muna dawowa ne da kwando tara na karfasa da tarwaɗa. Injin ya fara wani kuka siriri, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Yaron jirgin ya ja igiya, ta ƙi ko motsi. Filafili biyu muka samu a jirgin, ga shi ruwan akwai dorina. Sai bayan magariba muka taɓa gaɓa, motar da za ta kai kayan kan iyaka ta daɗe da tafiya.

Washegari na bi yaron wajen wani tsohon bakanike a bakin ruwa. Ya buɗe injin, ya nuna mana fistin duk ya kankare.

"Da me ka auna man, yaro?"

"Da ido, Baba."

"To ga aikin idonka nan." Ya juyo gare ni. "Alhaji, lissafin bai kai na kasuwarku wuya ba. Kashi hamsin fetur, kashi ɗaya mai. Lita ɗaya, mililita 20. Jarka mai lita 25, rabin lita cif. Sabon inji kuwa, awa goma na farko ana ninka masa man."

Akwai injunan da awonsu ya bambanta, don haka abin da kamfani ya rubuta shi ake bi. In mai ya yi kaɗan, inji ya buga. In ya yi yawa, ga hayaƙi, ga fulogi ya yi baƙi yana ɗaukewa. Na biyun dai goge fulogi ne, na farkon kuwa kuɗin kwanduna da yawa. Shi ya sa nake ganin masu rage mai don tsimin sefa ɗari biyar ba tsimi suke yi ba.

Irin man ma magana ce. Na jirgi shi ne wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, an yi shi don injin da ruwa ke sanyayawa, ba ya barin toka. Na babur yana barin datti a fulogi, na mota kuwa ya fi muni. Tsohon ya ce a fara zuba man a jarka da fetur kaɗan, a girgiza, sannan a cika.

Sai fetur kansa. A nan zuwa-zuwa ake sha, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya yi tsada, kuma tsada ke koya wa wasu ƙara kananzir. Ɗaga kwalbar a rana: in da ruwa, yana kwance a ƙasa. Ɗiga a tafin hannu: fetur na gaske nan take yake bushewa, mai kananzir yana barin maiƙo.

Yanzu kafin in bar Garuwa nakan sayi robar rabin lita, murfinta a rufe, in sa a jakar da nake ajiye takardun kwastan. Mai jirgi ya zuba a gabana, mu cire kuɗinta daga kuɗin haya. Wani ya taɓa cewa, "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce masa na yarda da shi, iyo ne ban iya ba.