Kwanon Ruwa a Ƙofar Kanti: Abin da Na Gani a Istanbul

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Istanbul sarin kaya yawanci a Laleli suke wuni, tsakanin shagunan abaya da takalma, su koma masauki a gajiye. Duk wanda ya ɗan duba ƙasa a cikinsu zai ga abin da ya fi tsaya mini a rai game da garin: kwanon ruwa a gindin bango, da ɗan tsibin busasshen abinci a gefensa. A ƙofar kanti akwai, a harabar masallaci akwai, har a bakin tashar jirgin fito. Na kyanwoyi ne da karnukan titi, kuma talakawan unguwa ne ke ajiyewa da kuɗin aljihunsu.

A wani lungu na Kadıköy, a ɓangaren Asiya na birnin, na tsaya kallon wata dattijuwa da sassafe. Ta zubar da ruwan jiya, ta ɗauraye kwanon, ta cika sabo. Sannan ta durƙusa gaban wani kwali da aka naɗe da leda aka huda masa ƙofa, ta zaro 'yar kyanwa mai ciwon ido, ta riƙe ta a ƙeya, ta goge kwantsar da auduga, ta ɗiga magani, ta mayar da ita. Duka bai kai minti biyar ba. Mai gidan shayin da ke kusa ya nuna mini da hannu cewa kullum haka take yi, kuma idan ta yi tafiya shi ke karɓa. Irin waɗannan kwalaye da ƙananan ɗakunan katako suna cika gefen titi da hunturu, domin sanyin garin ba wasa ba ne, wani lokaci har da ƙanƙara.

Ɗabi'ar ta tsufa. A jikin bangon masallacin Ayazma da ke Üsküdar, wanda aka gina wajen 1760, magina sun sassaƙa wa tsuntsaye gidaje na dutse, da tagogi da baranda kamar fadar sarki. A zamanin Daular Usmaniyya akwai masu yawo da hanta da huhu rataye a sanda, mai neman lada ya saya a raba wa kyanwoyi. A garin Bursa kuwa har gidan jinya aka yi wa shamuwar da ta karye ta kasa bin 'yan'uwanta. Mutanen da suka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, sun mayar da karatun aiki. Mu ma mun san hadisan nan tun muna makarantar allo.

Kyanwa dai ta samu gata. Wata mai suna Gli ta rayu a cikin shahararren ginin Aya Sofiya har ta mutu a 2020, duniya ta san da ita. Wani muzuru mai ƙiba, Tombili, da ya mutu a 2016 mutanen unguwarsa suka sa aka yi masa mutum-mutumi a inda ya saba kishingiɗa.

Lamarin kare ne mai wuya, kuma a nan ake gane zurfin tausayin gari. A 1910 hukuma ta kwashe karnukan Istanbul, kimanin 80,000 a yawancin ƙiyasi, ta jibge su a Sivriada, wani tsibirin dutse a tekun Marmara da babu abinci babu ruwa, suka mutu a can. Har yau mutanen garin na ambaton abin da kunya. A 2004 aka kafa dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi kama kare, a yi masa fiɗiya da allurar ciwon hauka, a maƙala masa alama a kunne, a mayar da shi unguwarsa. Shi ya sa za ka ga ƙaton kare kwance a tsakiyar hanya da 'yar roba a kunne, jama'a na kewaye shi ba wanda ya tanka.

A watan Yulin 2024 majalisar Turkiyya ta sauya dokar. Gwamnati ta ce karnukan titi sun kai kusan miliyan 4, an ciji yara, an yi haɗarin mota saboda su. Sabuwar dokar ta ce a kwashe su zuwa gidajen ajiya, masu haɗari da masu ciwon da ba ya warkewa a kashe su. Uwar da aka yayyaga wa ɗa a hanyar makaranta tana da gaskiya, ba zan raina kukanta ba. Sai dai gidajen ajiyar ƙasar a lokacin ba su ɗaukar fiye da karnuka dubu ɗari da 'yan kai, shi ya sa dubban mutane suka fito zanga-zanga suna tsoron a maimaita 1910. A ganina, da an yi fiɗiyar nan yadda dokar farko ta tsara, da ba a kai ga haka ba. Ciyarwa kaɗai ba tare da hana yawan haihuwa ba ƙara wa dabbar wahala take yi. Yanzu karen da ya fi kusa da tsira shi ne wanda wani ya ɗauka ya yi masa rajista da sunansa.

Mai karatu da ke da hali, ƙungiyoyin kula da dabbobi suna karɓar gudummawa daga ko'ina a duniya. Amma abin da dattijuwar Kadıköy ke yi bai buƙaci biza ko katin banki ba. A nan gida, idan zafin Maris da Afrilu ya zo, ka ajiye kasko da ruwa a inuwa, ka riƙa sauya shi kullum. Ka kai karen gidanka a yi masa allurar ciwon hauka a asibitin dabbobi. Idan ka ga yara na jifan kwikwiyo, ko mai amalanke na lodin yashi kan jakin da bayansa ya yi gyambo, ka tsaya ka yi magana.