Wa Za A Fara Dubawa?

Ran 9 ga watan Mayu, 2001, ƙungiyoyin ƙwallo na Hearts of Oak da Asante Kotoko suka kara a filin wasa na Akra. Da rigima ta tashi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofin fita, aka tattake juna. Mutum fiye da 120 suka mutu, da yawansu samari ne daga Nima da sauran zanguna. A taksi da motocin mutane aka yi ta kwasar waɗanda suka jikkata zuwa asibiti, musamman asibitin soja na 37.

A dare irin wannan, aikin ma'aikacin asibiti ya wuce ɗaure rauni. Ga mutum hamsin a kwance, hannu kuwa biyu ne. Dole ya zaɓa. An koya masa ya rarraba majinyata: ja ga wanda zai mutu in ba a taimake shi nan take ba, rawaya ga wanda zai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda rai ya yi halinsa. Saboda haka yakan wuce mai ihu, gama mai ihu yana numfashi, ya durƙusa wajen wanda ya yi shiru. Uwa tana jan rigarsa domin ɗanta, shi kuwa ya san ɗan wata ya fi kusa da mutuwa. Mai kallo yakan ce ba shi da tausayi. Alhali tausayi ne wanda ya danne hawaye domin a ceci rai. Ba ya tambaya ko wannan ɗan Hearts ne ko na Kotoko, Kirista ne ko Musulmi.

Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa Gana ta kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya a 2004. Ran 3 ga Yuni, 2015, da gidan mai ya kama wuta cikin ambaliya a Akra, mutum fiye da 150 suka hallaka, ma'aikatan suka sāke fita cikin ruwa da duhu.

Suna da hakki a kan jama'a. A ba motarsu hanya. A ba da jini in an nema. Dangi su yi haƙuri a bakin ƙofa. Ikkilisiya kuma ta riƙa tunawa da su cikin addu'a, gama bayan kowa ya watse, su ne suke komawa gida da fuskokin waɗanda ba su iya ceta ba.