Makullin Mota a Tashar Matamaye

Daga Daura zuwa Matamaye ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka wuce Mai'aduwa, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka gaisa da jami'an Nijar a Ɗan Barto, sai ga ka cikin ƙasar Kance, inda rake da kayan lambu suka cika fadamu. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ga auratayya ta ɗinke gidaje. Abin da ya bambanta, kuma ya burge ni, shi ne yadda direba yake riƙon takardunsa.

Dattijon da ya ɗauke mu yana ajiye nasa cikin jakar leda mai tsabta: permi (lasisin tuƙi), kartigiris (takardar mallakar mota), bizit (shaidar duba lafiyar mota), asiransi (inshora). Da jandarma ya tsayar da mu, bai tsaya a kan bangon takarda ba, sai da ya bi ranar ƙarewar asiransin da yatsa, ya gwada lambar da ke rubuce da ta jikin mota. Babu hayaniya, babu roƙo. Ya miƙo, muka wuce.

A tasha na ga wani saurayi yana ɗaure damman rake a kan motar da ba tasa ba, hannunsa kuwa na wanda ya san mota ne. Na tambayi dattijon.

"Ai direba ne, Malam," in ji shi. "Gudu ne ya kai shi nan. An sha kama shi da lodin wuce kima, an ci shi tara, bai ji ba. Ranar da ya bugi amalanken shanu a hanyar Takeita, jandarma suka zo suka yi konsta, aka rubuta laifinsa ne. Asiransi ta ɗauki nauyin mai amalanke. Shi kuma maigidansa ya karɓe makulli."

"To, Baba, shi ke nan ya bar tuƙi?"

"A'a. Sandikarmu ta direbobi ta ce ya koma karen mota, mu ga hankalinsa. In ya natsu, wani cikinmu zai tsaya masa."

Wannan magana ta zauna mini. Abu biyu aka raba a nan, kuma rabon ya yi daidai: haƙƙin wanda aka buge daban, hukuncin mai ganganci daban. Na farkon doka ce ta tsare shi. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin kundin inshora ɗaya na CIMA, wanda aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a Yawunde ranar 10 ga Yuli, 1992. Kundin ya wajabta wa kowane mai mota inshorar ɓarnar da zai yi wa wani, ya kuma shimfiɗa ma'aunin da ake lissafa diyyar rauni da ta rai. Sashen da na fi so shi ne wanda ya hana kamfani fakewa da wasu laifuffukan direba don ya ƙi biyan wanda aka cuta. Ko da ya zamana direban ba shi da permi, sai a biya mai rauni tukuna, daga baya kamfani ya bi mai laifi bashi. Talakan da ke tafe da shanunsa ba shi ya zaɓi direban ba, don me za a ɗora masa wautarsa? Tun gyaran 2011 kuma, ba a sayen inshora bashi: sai ka biya take fara aiki.

Na biyun kuwa, a Faransa lissafi ne yake horon mai ganganci. Duk shekarar da ba ka jawo haɗari ba a rage maka kashi 5 cikin ɗari na kuɗin inshora, duk haɗarin da laifinka ne a ƙara kashi 25. Tsari ne mai kyau, amma aljihu kaɗai yake taɓawa. Abin da na gani a Matamaye yana taɓa suna. A garin da kowa ya san uban kowa, direban da aka rubuta wa konsta ba shi da inda zai ɓoye, kuma ba a jefar da shi ba, an bar masa ƙofar dawowa.

Mu ma a Najeriya ba doka muka rasa ba. Wajabcin inshorar mota ya girmi 'yancin kai, kuma daga Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya ta kai naira miliyan 3. Sai dai da yawanmu muna sayen takardar ne don mu wuce shingen 'yan sanda, wasu ma ta bogi suke riƙewa ba su sani ba. In haɗari ya auku sai a koma kan "ƙaddara ce, a yi haƙuri", mai rauni ya sayar da akuyarsa ya biya asibiti, direban kuwa gobe ya karɓi wata motar a wata tasha. Imani da ƙaddara bai taɓa hana biyan diyya ba, malamanmu sun san da haka.

Kafin motar Damagaram ta cika, na tambayi saurayin ko yana jin haushin hukuncin. Ya ce haushi ya wuce, yanzu abin da ya dame shi mutumin da ya buge, wanda har yanzu yake ɗingishi, kuma yakan je gaishe shi ranar Juma'a.