Ba Kowace Kwamfuta Da Ta Yi Shiru Ce Ta Mutu Ba

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ga 'ya'yan masu hali, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma a unguwarmu ta Agege da ke Legas, akwai yaran da ba su taɓa ɗora yatsa a kan wannan na'ura ba sai ranar jarrabawa: yaro ya san amsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Ganin haka ne wasu 'yan uwanmu masu gyara a kasuwar Computer Village ta Ikeja suka keɓe ranar Lahadi domin koya mana, kyauta, yadda ake haɗa kwamfuta daga tsofaffin kayan da ofisoshi suka yar. Sharaɗinsu biyu ne: duk na'urar da ta tashi ta makarantar unguwa ce, wanda ya iya kuma sai ya koya wa na bayansa.

Da farko aka nuna mana ladabin aiki. A zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwati kafin a sa hannu ciki, domin 'yar wutar da jikin mutum ke tarawa tana iya lalata kaya ba tare da an sani ba. Daga nan muka san babban allo, da furosesa, da faifan ajiya, da ƙwaƙwalwar wucin gadi wadda masu sana'ar ke kira ram, da kuma akwatin da ke rage wutar bango zuwa bolt 12 da 5 da 3.3.

Haɗawa ba ta kai gano cuta wuya ba. Na'urar da ke ƙara alhali fuskarta baƙi ƙirin, galibi ram ne bai zauna daidai ba. Wadda ke mance kwanan wata, ƙaramin batirinta mai bolt 3 ne ya ƙare. Wadda ke mutuwa bayan 'yan mintoci, zafi ne ya dame ta, saboda ƙura ta toshe fanka ko man da ke kan furosesa ya bushe. Ƙa'idar malamanmu ita ce a fara da abu mafi arha, kuma a sauya abu ɗaya tak kafin a sake kunnawa. Mai gaggawa ya sauya uku a lokaci guda, ko na'urar ta tashi bai san abin da ya warkar da ita ba. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a watan Oktoba na 2025, na'urori da yawa masu sauran ƙarfi suka zama kamar marayu. Mu kuwa muka ɗora musu Linux, manhajar kyauta wadda Linus Torvalds ya faro a 1991, suka ci gaba da aiki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a duniya a 2022. Kowace na'ura muka tayar, mun rage wa juji kaya.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da 'yan uwanmu ɗalibai: akwai tsofaffin kwamfutoci kulle a ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, ƙura na cin su. A bi ƙa'ida a fito da su, a damƙa su ga masu son koyo. Sukundireba da haƙuri ne kaɗai jarin da ake bukata.